Me ke jan hankalin masu tara tsofaffin finafinan ƙaramin jari da aka manta da su?

Ɗan Zazzau:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Akwai al'amarin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, ina fatan masu sanin harkar fim a cikinku za su warware mini shi. A Turai da Amurka akwai mutanen da suka duƙufa wajen tara tsofaffin kaset-kaset na bidiyo, amma ba finafinan da suka yi tashe suke nema ba. Abin da suke cigiya lungu-lungu shi ne fim ɗin da wasu abokai suka haɗa da kuɗin aljihunsu da kyamara guda, wanda ko a zamaninsa bai shiga sinima ba, aka buga kwafi kaɗan, daga nan aka daina jin ɗuriyarsa. Mamakina ya ƙaru da na karanta cewa a 2015 ɗakin karatu na Jami'ar Yale da ke Amurka ya mallaki kaset wajen 2,700 na irin waɗannan finafinai, galibinsu na ban tsoro, ya adana su domin masu bincike.

Na kalli kaɗan daga cikin irinsu a intanet, kuma gaskiya hoton dishi-dishi ne, sautin yana hawa yana sauka, 'yan wasan kuma da gani ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba. To, mene ne daɗin da mai tarawa yake ji? Ƙarancin abin ne kawai yake ba shi daraja, ko akwai wani abu a cikin fim ɗin kansa da idona bai kai gare shi ba? Sannan ina so in sani ko finafinanmu na Hausa na zamanin kaset, waɗanda yawancin sa'o'ina ko sunayensu ba su taɓa ji ba, sun shiga wannan sahu.

Tsohon Dila:

Wa'alaikumus salam, ɗana. Batun Turawa zan bar wa 'yan boko, ni in yi magana a kan abin da na ci abinci a cikinsa, domin na yi sana'ar kaset a Kano tun wajen lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, har zuwa sa'ad da faifai ya zo ya ture kaset daga kasuwa. Idan ka fahimci yadda muke cinikin a wancan zamani, rabin tambayarka ta amsu.

Furodusa ba kaset yake sayar mana ba. Yakan gama fim ɗinsa, ya buga kwalaye a maɗaba'a, ya kawo wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ko Bata masta guda ɗaya, wato kaset na asali, tare da kwalayen, kuma kuɗinsa a kan kwalin yake. Kaset ɗin da babu komai a kansa namu ne. Mukan jera na'urorin bidiyo bisa juna a ɗaki, guda ɗaya tana juya masta sauran suna ɗauka, kuma fim na awa biyu sai ya cinye awa biyu cur kafin a sauke, in dai NEPA ba ta ɗauke wuta a tsakiya ba. Fim ɗin da ya karɓu, kwana ake yi ana buga shi. Wanda bai karɓu ba kuwa, sai mu mayar wa mai shi da kwalayensa, mu goge kaset ɗin, mu naɗi wani fim a kai, domin kaset jari ne, ba a barinsa ya kwanta. Haka wasu furodusoshin suka riƙa yi da mastocinsu idan aljihu ya yi zafi. Saboda haka fim ɗin da ya faɗi a kasuwa, ana iya shafe shi daga doron ƙasa cikin 'yan watanni, in ban da ɗaiɗaikun kwafin da suka riga suka shiga gidajen mutane ko shagunan haya na ƙauyuka. Da faifai ya shigo a farkon shekarun 2000, sauran da suka tsira ma aka fara zubar da su kwali-kwali. Yara suna zaro zaren suna wasa da shi a titi, manoma suna ɗaura shi a jikin kara a gonar gero da shinkafa domin ƙyallinsa ya kori tsuntsaye. A irin wannan hanya aikin mutane da yawa ya salwanta.

Yanzu ga abin da ya sa nake tara su. Mai kuɗi idan zai yi fim, yakan nemi gidan da ya fi kowane kyau, ya kawo kujerun aro, ya share duk abin da bai so a gani. Marar kuɗi ba shi da wannan zarafi. Ɗakin maƙwabciyarsa zai roƙa, ya shiga ya kunna kyamara a kan abin da ya tarar. Shi ya sa idan na saka ɗaya daga cikin waɗannan kaset, ba labarin ne kaɗai nake bi ba, bayan 'yan wasan nake dubawa. Ga jeren samira da tangaran a kabad ɗin amarya kamar yadda ake yinsa a lokacin, ga kalanda a bango, ga Vespa jingine a soro, ga hayis tana lodi, ga 'yan acaɓa cike da titi, su da aka hana ɗaukar fasinja a Kano tun Janairun 2013. Akwai wani kaset a wurina da saurayi da budurwa suke zance a gindin badala, kuma wannan ɓangare na ganuwar yau babu shi, an yi gine-gine a wurin. Ana cikin zancen sai muryar mai tallan ƙosai ta ratso, 'yar wasan ta ɗan waiga, aka ci gaba ba a yanke ba, domin babu kuɗin sake ɗauka. Babu wanda ya yi niyyar adana wa 'yan baya wannan murya, rashin kuɗi ne ya adana ta.

Ko kwalin kansa abin karantawa ne. A bayansa za ka ga adireshin shago da lambar tarho mai farawa da 064, ta zamanin da wayar salula ba ta zo ba, ga sunayen mutanen da wasu suka zama manya a harkar, wasu kuma daga wannan fim ɗaya ba su sake yin wani ba. Har Hausar da ake yi a ciki daban take da ta yanzu, gaisuwarta ta fi tsawo, Turancinta ya fi ƙaranci. Saboda haka amsata gare ka ita ce, ƙwarai kuwa namu sun shiga sahu, kuma a ganina sun fi na Turawa buƙatar mai ceto, domin su can suna da cibiyoyi da kamfanonin da suke wannan aiki, mu kuwa a nan sai ɗaiɗaikun mutane da kwalaye a ƙarƙashin gado.

Maman Sadiya:

Allah ya ƙara wa Baba Alhaji lafiya, ya buɗe mana abin da ba kowa ya sani ba. Ƙanena Ɗan Zazzau, bari in ɗan taɓa ɓangaren ƙasashen waje da ka fara tambaya a kai, za ka ga cewa dalilan ba su yi nisa da na Alhaji ba.

Sa'ad da bidiyo ya shiga gidaje a Amurka da Ingila a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, shagunan haya sun buƙaci abin cika kantoci, manyan kamfanoni kuma da farko suna ɗari-ɗari da sakin finafinansu a kaset. Wannan giɓi ne ƙananan masu shirya fim suka cike. Da DVD ya zo, finafinan da ake sa ran za su kawo riba aka sauya musu mazauni, dubbai kuma aka bar su a kaset, wasu ma ba a san inda masu su suke ba balle a nemi izini. Don haka wanda yake riƙe da kaset ɗin, mai yiwuwa shi ke riƙe da fim ɗin gaba ɗaya. Mutanen can sun riga sun ɗanɗani irin wannan asara. Rahoton da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka na zamanin da fim ba ya magana sun ɓace kwata-kwata, kuma babban dalili shi ne a lokacin ba a ɗauke su abin adanawa ba. Jami'ar da ta sayi waɗannan kaset tana gudun maimaita kuskuren ne.

Haramci ma ya taka rawa. A Birtaniya, bayan hayaniyar da jaridu suka tayar a kan finafinan tashin hankali da zubar da jini, an fitar da jerin da ya kai finafinai 72, 'yan sanda suna kwashe su daga shaguna, aka kuma kafa dokar tace bidiyo a 1984. Da yawansu ba wani abin kirki ba ne, amma shiga jerin ya sa aka riƙa nemansu a ɓoye, kuma har gobe masu tarawa suna farautar kwafin farko. Wannan ɓangaren shi ne mafi rauni a wurina, domin sha'awar abin da aka hana ce kawai.

Wanda ya fi ƙarfi a idona shi ne 'yancin da ke tattare da rashin uban gida. Fim ɗin da aka zuba wa miliyoyi, dole ya ratsa hannun mutane da yawa, kowa yana rage abin da yake tsoron ba zai sayu ba, har ya fito sumul amma kama da ɗan'uwansa. Wanda mutum ɗaya ya yi da guminsa, duk abin da ke ransa shi za ka gani, da basirarsa da gazawarsa a haɗe, kuma za ka ga yadda ya yi dabara a inda kuɗi suka gaza. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Nabwana Isaac na unguwar Wakaliga a Kampala ta Yuganda, wanda a 2010 ya yi fim ɗin faɗa mai suna Who Killed Captain Alex? da kuɗin da ba su kai dala 200 ba, da bindigogin da aka ƙera daga tarkacen ƙarfe da katako, da kwamfutar da ya harhaɗa da hannunsa. Bai taɓa zaton za a kalle shi a wajen yankinsu ba, har ya goge asalin fim ɗin daga kwamfutar domin ya sami wurin aikin na gaba, kamar dai yadda Alhaji ya ce ana yi a Kano. Wani kwafin DVD mai dishi-dishin hoto ne ya tsira, kuma shi ne miliyoyin mutane suka kalla a YouTube. Masu sonsa, murnar da ke fuskar 'yan wasan da himmar mai shirya shi suke kallo, abin da kuɗi ba sa sayowa. A Amurka yanzu akwai kamfanoni irin su Vinegar Syndrome da aka kafa a 2012, da cibiyar American Genre Film Archive ta birnin Austin da ta fara a 2009, waɗanda aikinsu shi ne nemo irin waɗannan finafinai, gyara su, da sake fitar da su.

Malam na Tudun Wada:

Na karanta bayanan Alhaji da na Hajiya cikin girmamawa, amma ina da ja a kan wasu wurare, kuma ina fatan za a yi mini uzuri. Kada son abin da ya wuce ya sa mu ce duk abin da ya yi ƙaranci ya yi kyau. Na kalli finafinan kaset da yawa a ƙuruciyata, kuma da dama daga cikinsu sun faɗi a kasuwa ne saboda sun cancanci faɗuwa: labari aro daga finafinan Indiya, an yi shi cikin gaggawa domin a mayar da kuɗi, babu tsari babu natsuwa. Na yarda a adana su a matsayin shaidar zamani, amma ban yarda a ɗora su a matsayin gwaninta ba. Akwai kuma mai tarawa da ba fim ɗin ne ya dame shi ba, burinsa a ce shi kaɗai yake da shi. Irin wannan mutum, idan ya kulle kaset a akwati har ya ruɓe, bai bambanta da wanda ya goge shi ba.

Babbar damuwata kuwa ita ce ta mutanen da ke cikin finafinan. A ƙasarmu, mata da yawa sun yi fim ɗaya ko biyu suna 'yan mata, suka yi aure suka bar harkar, yau suna da surukai da jikoki. Wasunsu sun fito ne kafin a kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, lokacin da babu wanda ya yi tunanin hoton zai wuce shagon hayar unguwa. Idan wani ya tono rawar da baiwar Allah ta yi shekara talatin da suka wuce ya watsa a TikTok, matasa suka yanko minti ɗaya suna yawo da shi, wa zai ɗauki alhakin abin da zai biyo baya a gidanta? Baturen da yake tara kaset ba lallai ne ya yi wannan lissafi ba, mu kuwa wajibi ne mu yi shi. Haka nan haƙƙin mai fim bai mutu ba don kawai fim ɗin ya tsufa, kuma idan ya rasu magadansa suna nan.

Ɗan Damagaram:

Gaisuwa ga kowa daga wannan ɓangare na iyaka. Malam ya faɗi gaskiya a kan mai kulle abu a akwati, kuma lokaci ba ya jiran wannan muhawara. Zaren kaset ba ya daɗewa kamar takarda. Zafi yana cinye shi, laimar damina tana sa shi fumfuna, ƙurar hunturu tana karce shi, kuma kaset na shekarun 1990 ya riga ya kai shekarun da hoton ke fara dusashewa. Na'urar kallon ma ƙarewa take yi, domin kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera ta, ya daina a 2016. Duk wadda ke aiki a yau tsohuwa ce, masu gyaranta kuma suna ta raguwa.

Ga wanda yake da kaset a gida, ya duba ta ɗan gilashin da ke gabansa. Idan ya ga fari-fari kamar gari a gefen naɗin zaren, kada ya saka shi a na'ura kafin a tsabtace shi, domin fumfunar za ta toshe kan na'urar, ta kuma bi ta shafi kaset na gaba. A ajiye su a tsaye ba a kwance ba, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu, a ɗakin da rana ba ta dukansa. Sai a nemi ɗan abin da ke haɗa na'urar bidiyo da kwamfuta a naɗi fim ɗin, a ajiye kwafi a wurare biyu daban-daban, a ɗauki hoton kwalin gaba da baya, a rubuta sunan fim da na kamfani da shekara idan akwai.

Kada a fid da rai da abin da aka ce ya ɓace. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976, wanda ba na ƙaramin jari ba ne, aikin hukuma ne, shi ma an shafe shekaru ana ganin ya salwanta, sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Mu ma a Nijar muna da Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015, mutumin da ya yi finafinansa da kayan aikin da yake haɗawa da kansa, yana yawo da majigi yana nuna wa mutane, kuma a yau cibiyoyin adana fim na ƙasashen waje suna nuna aikinsa. Ina kuma jan hankalin Alhaji ga wani abu. Kaset ɗin Kano ya riƙa tsallako iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram da Tawa, kuma wanda ya iso nan da wuya ya koma hannun dilan da zai goge shi. Na ga tsofaffin masu shagon haya da har yanzu ba su zubar da nasu ba, don haka fim ɗin da aka rasa a Ƙofar Wambai yana iya kasancewa a wani ɗaki a nan.

Tsohon Dila:

Malam, maganarka a kan matan da suka yi aure tana kan hanya, kuma ita ce ta sa na raba adanawa da watsawa. Duk kaset ɗin da ya shigo hannuna ina naɗarsa a kwamfuta domin kada ya mutu, amma ba na sakin ko minti ɗaya sai na nemi mai fim ɗin ko magadansa, kuma idan akwai macen da ta bar harkar, sai an isar mata da magana ta hannun wanda ya dace. Akwai waɗanda suka ce a bar shi a rufe, na kuwa bar shi. Akwai kuma waɗanda 'ya'yansu suka zo da ƙafarsu suna neman kwafi, domin shi ne kaɗai hoto mai motsi da ya rage na mahaifinsu. Inda muka saɓa shi ne batun cancanta. Ni da na tsaya a kantar shago na san cewa fim yakan faɗi don ya fito mako ɗaya da na wani babban jarumi, ko don mai shi ba shi da kuɗin talla a rediyo, ba don ya gaza ba, kuma ba za a iya tantance wanne ne wanne ba sai fim ɗin yana nan ana iya kallonsa.

Ɗan'uwana na Damagaram, na karɓi shawararka hannu bibbiyu. Idan za ka taimaka ka bi waɗannan masu shagunan ka rubuto mana sunayen da ke jikin kwalayensu, ni kuma zan fitar da jerin waɗanda nake nema mu gwada, mu fara da na kafin 1997, domin su ne aka buga kaɗan kuma zarensu ya fi tsufa.